Launin Hayaƙin Salansa: Yadda Za Ka Gane Ciwon Motarka Ta A-kori-kura Kafin Kaka

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin hanyar Suleja zuwa Minna ranar kasuwar Lambata, ko a mahaɗar Dikko lokacin kaka, ya ga yadda motocin a-kori-kura ke jerin gwano ɗauke da doya da masara da dawa da shanshera. Wasu Madalla suka nufa, wasu Zuba, wasu kuma har Dei-Dei. A cikinsu akwai tsofaffin Peugeot 504 na kamfanin Kaduna, wanda ya fara haɗa motoci a 1975, akwai kuma Toyota Hilux da Mitsubishi L200, sababbi da 'yan Kwatano. Idan ka lura da kyau, za ka ga kusan kowacce da irin hayaƙin da take bari a bayanta: wata baƙi, wata shuɗi, wata fari.

Wannan mota ita ce ƙafar manomi. Ita ke kai taki da iri gona da damina, ita ke fito da amfani da kaka. Ranar da ta tsaya a daji da lodin tumatir ko sabuwar doya a cikin rana, asarar ba ta tsaya kan kuɗin gyara ba.

A matsayinka na manomi ko malamin gona, ka riga ka iya karanta launi. Idan ganyen masara na ƙasa ya yi rawaya daga tsini ya bi tsakiya, ka san tana neman takin yuriya. Idan ya yi ja-ja mai duhu tun tana ƙarama, sinadarin fosfaras ne ya yi ƙaranci. Ka kuma san cewa rawayar da kwanciyar ruwa ko ƙuduji ya jawo, ko buhu nawa na taki ka zuba ba za ta tafi ba. To, haka hayaƙin salansa yake. Ruwa ba ya tsami banza. Manufar wannan jagora ita ce ka iya karanta hayaƙin motarka kafin ka kashe ko sisi, ka fara da dalili mai araha, kada ka bari a kwance maka inji a kan abin da matatar iska za ta gyara.

Abin da ke faruwa a cikin inji

Inji yana aiki ne da ƙona mai a cikin silinda. Kafin mai ya ƙone ƙurmus, yana bukatar iska mai yawa ƙwarai. Injin fetur yana bukatar kusan kilo 15 na iska ga kowane kilo ɗaya na mai, wato kusan lita 9,000 ta iska ga lita ɗaya ta fetur. Injin dizal, wanda muke kira man gas, ya fi haka shaƙar iska, kuma ba shi da fulogin tartsatsi. Matsar iska yake yi har ta yi zafin da mai zai kama da kansa da zarar nozul ta fesa shi.

Ruwaye uku ne ke yawo a cikin inji, kowanne da hanyarsa: man ƙonawa, baƙin mai na santsi, da ruwan lagireto na sanyaya. Na farkon ne kaɗai ya kamata ya shiga ɗakin ƙuna, shi ma daidai gwargwado. Saboda haka:

1. Baƙin hayaƙi: mai ya fi ƙarfin iskar da ke akwai.
2. Shuɗin hayaƙi: baƙin mai yana ƙonewa.
3. Farin hayaƙi: ruwa ya shiga silinda, ko kuma man gas ya fito bai ƙone ba.

Tambayoyi huɗu kafin ka je gareji

Ka ajiye motar a fili, ba cikin rumfa ko shago ba. Ka sa wani ya tayar da ita da safe kafin inji ya ɗau zafi, kai kuma ka tsaya a gefe ta baya. Daga nan ka bi ta a babur yayin da take tafiya da kaya. Ka amsa waɗannan tambayoyi, ka rubuta:

1. Wane launi ne? Ka duba shi a jikin bango mai haske ko sararin sama, domin shuɗi da fari suna ruɗin ido.
2. Yaushe yake fitowa? Da tashin safe, ko idan an taka totur, ko a hawa da lodi, ko a gangare bayan an saki totur, ko kullum?
3. Wane wari yake yi? Na ɗanyen man gas, ko ƙaurin baƙin mai, ko ba shi da wari?
4. Mene ne ke raguwa? Ka duba sandar awon baƙin mai da ruwan lagireto kowace safiya har mako guda, motar tana kan shimfiɗaɗɗen wuri.

Wanda ya je wa makaniki da waɗannan amsoshi ya riga ya yi rabin aikin bincike, kuma da wuya a sayar masa da gyaran da ba ya bukata.

Baƙin hayaƙi

Wannan ya fi yawa a motocin man gas, kuma sau da yawa shi ya fi sauƙin magani. Ɗan baƙi kaɗan a lokacin da tsohuwar mota ta ɗauki wuta ba abin damuwa ba ne. Wanda ke bin mota kamar jela shi ne ciwo. Ka bi dalilan a wannan jeri:

Matatar iska. A ƙasar Suleja jigilar kaka tana faɗowa ne daidai da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da ƙura ta cika sama, hanyoyin ƙauye kuma sun bushe. Ƙari a kan haka, ana yawan ajiye mota da inji a kunne kusa da masussuka, tana shaƙar ƙaiƙayi. Ka ciro matatar ka ɗaga ta ga hasken rana. Idan haske bai ratsa ba, ta toshe. Ka kakkaɓe ta a hankali, ko a hura mata iska marar ƙarfi daga ciki zuwa waje. Kada a wanke matatar takarda da ruwa ko fetur. Idan ta yage ko ta jiƙe da mai, ka sauya ta. Kada ka taɓa cire ta ka yi tafiya haka nan don mota ta ƙara gudu, domin ƙurar jar ƙasa tana cin silinda kamar yadda dutsen wasa ke cin lauje, kuma baƙin hayaƙin yau zai koma shuɗi baɗi.

Yawan lodi. Galibin waɗannan motoci an ƙera su ne su ɗauki kimanin tan ɗaya, wato buhu 10 masu kilo 100, har da nauyin mutanen da ke ciki. Ƙara ganyen sifirin yana hana bayan mota zama, amma bai ƙara wa inji ƙarfi ba. Idan direba ya danne totur a babbar giya a kan hawa, famfo yana ƙara mai, amma inji ba ya juyawa da saurin da zai jawo iska. Maganin nan kyauta ne: a rage kaya, a sauko da giya tun kafin mota ta fara nishi.

Bututun iska da turbo. A motar da ke da turbo, ka duba robobin da suka tashi daga turbo zuwa inji. Idan ɗaya ta tsage ko ɗaurinta ya kwance, za ka ji fito ko huci idan an taka, ƙarfi ya ragu, hayaƙi ya yi baƙi.

Nozul da famfon injekta. Nozul mai lafiya feshi take yi kamar na injin feshin maganin ƙwari da ka sani. Idan bakinta ya ci, sai ta riƙa ɗiga ko tsartuwa, man kuma ba zai ƙone duka ba. Ana cire su a gwada a kan na'ura wurin masu gyaran injekta. Ka tsaya ka ga feshin da idonka. Akwai kuma al'adar buɗe famfo don mota ta ja kaya. Ƙarfin da ake samu kaɗan ne, man da ke tafiya a hayaƙi ya fi shi, zafin kuma yana iya ƙona fistin. Ka sa a mayar da shi kan ma'aunin kamfani.

Motocin zamani. Masu kwamfuta suna da na'urar auna iska da bawul mai mayar da wani ɓangaren hayaƙi cikin inji. Idan kunkunniya ta liƙe su, sai a wanke. A fara sa na'urar bincike ta karanta laifin kafin a sayi komai. Gargaɗi: man da ke cikin bututun injekta na irin waɗannan motoci yana da matsin da zai huda fata. Kada kowa ya nemi yoyo da hannu inji yana aiki.

Motar fetur. A tsohuwa mai kafireto, ka duba ko cok ya maƙale a rufe, ko kafireton yana ambaliya. Ka ciro fulogi ka karanta shi: ruwan ƙasa mai haske alamar lafiya ce, baƙi busasshe, fetur ya yi yawa, baƙi mai maiƙo, baƙin mai ne ke hawa, wanda ya fita fes a cikin 'yan'uwansa kamar an wanke shi, ruwa ne ke shiga silindarsa.

Ka yi wannan lissafi da kanka. A ɗauka motarka na shan lita 10 a kilomita 100, toshewar matata ta mai da ita lita 12. Suleja zuwa Minna kusan kilomita 100 ne, saboda haka zuwa da dawowa ka yi asarar lita 4. Sawu 20 a kaka ɗaya, lita 80 ke nan. Ka buga da farashin lita na yau, ka kwatanta da kuɗin matata. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023, mai motar fetur ma ya shiga wannan lissafi da mai motar gas ya daɗe a ciki.

Shuɗin hayaƙi

Yana da ƙauri, yana daɗewa a iska, kuma baƙin mai yana raguwa ba tare da ka ga ɗigo a ƙasa ba. A nan lokacin fitowarsa shi ke nuna inda ciwon yake.

Ka fara da sandar awo. Idan an cika baƙin mai ya wuce layin sama, inji zai watsa shi ya ƙone. A rage shi kawai. Ka kuma duba bututun numfashin inji da ke kan murfin bawul, domin idan ya toshe, matsi yana tura mai inda bai kamata ba. Waɗannan biyun ba su da tsada.

Idan hayaƙin yana fitowa da tashin safe na ɗan lokaci ya ɗauke, ko kuma a motar fetur ya fito bayan dogon gangare da zarar an sake taka totur, robobin wuyan bawul ne suka bushe. Gyaran yana saman inji ne, bai kai ga fistin ba.

Idan yana ƙaruwa duk sa'ad da aka taka, mota ta rasa ƙarfi, tana wuyar tashi, to zoben fistin ko bangon silinda ne ya ci. Ka buɗe murfin zuba baƙin mai inji yana aiki a hankali. Ɗan huci ba laifi, amma idan yana busa hayaƙi kamar zugazugi, zargin ya ƙarfafa.

A mota mai turbo, ka sa a cire bututun da ya fito daga turbo. Ɗan maiƙo ba komai, amma idan mai ya kwanta a ciki, turbo ɗin ne ke yoyo. Kada ka yi sakaci da wannan. Injin man gas yana iya fara shan baƙin mansa a matsayin makamashi, ya yi ta ƙara gudu ko an zare makulli, har ya tarwatse. Idan haka ta faru, a taka birki da ƙarfi, a sa babbar giya, a saki kuloci don inji ya mutu, ko a toshe bakin shigar iska da katako mai faɗi. Kada a sa hannu ko tsumma.

Zuba baƙin mai mai kauri fiye da ƙima, ko magungunan gwangwani da ake cewa suna tsayar da hayaƙi, rufe ciwo ne da zane. Baƙin man da ake aunawa a kwalba a bakin titi kuwa, ba ka san asalinsa ba, kuma araha ba ta ado. Ka sayi na rufaffen galan mai lambar da littafin motar ya ambata.

Farin hayaƙi

Iri uku ne, kuma bambanta su shi ne mafi muhimmancin abin da za ka koya a nan.

Na farko tururi ne kawai. Ƙona lita ɗaya ta mai yana haifar da kusan lita ɗaya ta ruwa, wanda ke fita a matsayin tururi. Da sanyin asuba na hunturu ko bayan ruwan sama za ka gan shi, har salansa ta ɗiga ruwa. Siriri ne, yana ɓacewa nan take, kuma yana ɗaukewa idan inji ya yi zafi. Wannan ba ciwo ba ne.

Na biyu ɗanyen man gas ne. Yana warin gas, yana sa ido yaji, inji kuma yana karkarwa. Idan da safe ne kawai, a gwada fulogan hita masu ɗumama silinda. Idan bai ɗauke ba, a duba matatar mai, ko iska ta shiga bututu, ko lokacin feshin famfo ya goce, ko akwai ruwa a cikin man. Matatar mai ta yawancin waɗannan motoci tana da ɗan famfo a ƙasa na zubar da ruwa. Ka tsiyayi kaɗan a kwalba mai haske, ka ajiye. Ruwa zai kwanta a ƙasa. Man jarka da wanda ya kwana a durom da damina sun fi wannan matsala. Man da aka gauraya da kananzir kuma ba shi da santsin da famfo ke bukata. Gurɓataccen mai ba a bakin titi kaɗai yake ba: a Fabrairun 2022 hukumomi sun tabbatar da shigowar fetur mai yawan sinadarin metanol cikin ƙasar nan. Saboda haka idan hayaƙi ya fara daidai bayan shan mai, man za ka fara zarga, ba inji ba.

Na uku shi ne mai haɗari: ruwan lagireto yana shiga silinda, galibi saboda gasket ɗin kan inji ya ƙone bayan mota ta yi zafi fiye da kima, ko kan injin ya tsage. Hayaƙin yana da kauri, ba ya ɗaukewa ko inji ya yi zafi. Alamominsa su ne:

1. Ruwa yana raguwa kullum ba tare da yoyo a waje ba.
2. Idan ka buɗe murfin lagireto inji yana da sanyi, sannan aka tayar, za ka ga kumfa tana ta tasowa.
3. Baƙin mai ya koma kamar shayi mai madara.
4. Allurar zafi tana hawa.

Idan ka ga biyu daga cikin waɗannan, ka kashe mota, a ja ta zuwa gareji. Ruwa ba ya matsuwa, idan ya taru a silinda yana lanƙwasa sandar fistin. Kada ka buɗe murfin lagireto inji yana da zafi. Wajen gyara, ka tabbata an auna kan injin an ga ko ya karkace, an kuma gano abin da ya jawo zafin tun farko: toshewar lagireto da ƙaiƙayi, ko bel, ko fanka, ko famfon ruwa. In ba haka ba, sabon gasket ɗin ma zai ƙone. Cire tamostat, wanda ya zama ruwan dare a garejojinmu, ba magani ba ne. Yana sa inji ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ya ƙara shan mai da tara kunkunniya.

A gareji

Kada ka yarda a sauke inji bisa duban ido. Ka nemi a yi gwajin matsi a kowace silinda, a rubuta maka lambobin. Abin dubawa shi ne su yi kusa da juna. Idan ɗaya ta gaza sauran da fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, ciwon yana nan. Silinda biyu maƙwabta da suka faɗi tare suna nuna gasket. A injin fetur, idan an ɗiga baƙin mai kaɗan a silindar matsin ya tashi, zobe ne. Idan bai tashi ba, bawul ne ko gasket. A gyara abu ɗaya, a gwada mota, sannan a wuce na gaba, kamar yadda muke yi a filin gwaji. Ka karɓi tsofaffin kayan da aka cire. Makanikin kirki ba ya jin haushin wannan.

Lafiya da doka

A 2012 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin dizal cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar daji. Akwai kuma iskar guba marar launi marar wari da ke fita daga salansa, musamman ta injin fetur, wadda ke kashewa a rufaffen wuri. Ka tuna da mata da yara da 'yan ƙodago da ke zama a bayan mota bisa kaya. Salansar da ta huje a ƙarƙashinsu, ko tamfol da aka rufe ruf, yana tara musu wannan iska. Ciwon kai da jiri a hanya alama ce. A tsaya, a fito da su sarari. Tun 2011 akwai dokokin hukumar NESREA kan hayaƙin ababen hawa, kuma mota mai turnuƙe hanya tana jawo hankalin jami'an duba lafiyar motoci da na kiyaye haɗurra.

Baƙin man da aka juye kuma, kada a zubar da shi a gona, ko kusa da rijiya, ko a rafi, kada kuma a shafa wa dabba a gyambo. A tara shi a jarka a rufe.

Shawara ga malamin gona

Abin da aka faɗa a nan ya shafi tarakta da injin ban ruwa da injin casa da na niƙa, domin ƙa'idar ɗaya ce. Ka sa wannan darasi cikin taron ƙungiyar manoma na watan Satumba ko Oktoba, da mota a gabanku. Ka ƙarfafa musu waɗannan:

1. Kullum da safe: a duba baƙin mai da ruwa da launin hayaƙi.
2. Kowane mako a lokacin ƙura: a duba matatar iska, a zubar da ruwan matatar mai, a share gaban lagireto.
3. Kowane kilomita 5,000 a hanyar ƙura, ko yadda littafin motar ya ce: a yi juyen baƙin mai tare da matatarsa.
4. A ajiye littafi a cikin mota, a rubuta kilomita da litar mai da duk gyaran da aka yi. Motar ƙungiya da direbobi da yawa ke tuƙawa ta fi bukatar wannan.

Kammalawa

Baƙi, ka fara da iska da lodi. Shuɗi, ka fara da sandar awo, ka lura da lokacin fitowarsa. Fari, ka sansana, ka duba ruwan lagireto, idan yana raguwa ka kashe mota. Ba a fafe gora ranar tafiya: ka duba motarka tun masara tana tsaye a gona, lokacin da kwana uku a gareji ba zai sa doyarka ta kwana a rana ba. Don ƙarin bayani, ka tuntuɓi malamin gona na yankinka ko sashen injiniyan aikin gona na hukumar bunƙasa aikin gona mafi kusa da kai. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kai amfaninmu kasuwa lafiya.